Kor 6, zare 12, amma Task Manager na nuna zare sama da 2000, wanne ne gaskiya?

Sabon_Dalibi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana ku warware min wani abu da ya ɗaure min kai. A takardar bayanin laptop an rubuta CPU ɗinta kor 6 ne zare 12, to sai na buɗe Task Manager na shiga ɓangaren CPU, na ga layin da aka rubuta Threads yana nuna 2000 da wani abu, kuma lambar ba ta tsayawa wuri ɗaya, ta hau ta sauka. To wanne zan ɗauka? 12 ko 2000? Takardar ce ta rage ko Windows ce ta ƙara?

Dan_Gem:
Wslm. Kai dai rike 12 din nan, ita ce taka. Zare 12 kamar kana da CPU 12 ne a cikin na'ura daya, shikenan. Wancan 2000 din kar ma ka bata lokacinka a kai

Injiniya_Sabar:
Wa alaikumus salam. Ƙanena duka biyun gaskiya ne, abu biyu ne daban suka ci suna ɗaya. Amma Dan_Gem maganarka ta "kamar CPU 12" ba haka take ba, zan dawo kanta.

Wannan 2000 ɗin zaruruwan manhaja ne. Duk wata manhaja da ke aiki a kwamfutarka, wadda ka buɗe da wadda ke can ƙarƙashi ba ka ma san da ita ba, tana da aƙalla zare ɗaya. Zare a nan jerin umarni ne da ake bi ɗaya bayan ɗaya, yana da alamar inda ya tsaya, yana da ɗan wurin ajiyarsa na kansa. Burauza ita kaɗai tana iya buɗe ɗaruruwa, wani na zana shafi, wani na jiran intanet, wani na kula da sauti, wani na jiran ka taɓa kibod.

Ita kuma 12 ɗin, yawan gurbin da CPU ke da shi ne. Wato a cikin ƙiftawar ido guda, zare 12 ne kacal za su iya kasancewa a kan CPU ɗin. Sauran kowa jira yake.

Sabon_Dalibi:
Na gode yallabai. To amma idan 12 ne kawai ke samun wuri, sauran kusan 2000 ɗin fa? Ai da kwamfutar ta tsaya cak. Kuma ni ina ganin CPU ɗin ma 3% ko 4% yake nunawa

Injiniya_Sabar:
Yawwa, ai wannan 3% ɗin ita ce amsarka. Kusan dukkansu barci suke. Zaren da ke jiran ka danna maɓalli ba ya cin komai a CPU sai ka danna, wanda ke jiran saƙo daga intanet haka, wanda aka ce ya tashi bayan daƙiƙa goma haka. Suna cin RAM dai, amma ba sa cin lokacin CPU. Waɗanda ke farke suna son aiki a kowane lokaci ba su da yawa.

In kuma masu son aikin sun fi gurbin yawa, akwai wani ɓangare a cikin Windows ko Linux ko Android da aikinsa kenan rabon lokaci. Ya ba wannan 'yan milisakan, ya cire shi, ya adana inda ya tsaya, ya ɗora wani. Saurin sauyin ne ke sa ka ga kamar komai tare yake tafiya. Ka tuna fa kafin 2005 kusan duk kwamfutar gida kor ɗaya gare ta, wato injin lissafi guda ɗaya tak a cikin CPU, kuma mutane suna jin sauti suna rubutu suna saukar da fayil duk a lokaci guda. Da wannan dabarar ake yi. Sai a 2005 ɗin Pentium D da Athlon 64 X2 suka kawo kor biyu ga talakan mai amfani.

Dan_Gem:
To naji, amma ni maganata tana nan. Ka bude Task Manager ka danna dama a kan giraf din ka zabi Logical processors, akwati 12 zaka gani ba 6 ba. Ita kanta Windows 12 take kirgawa, to ni waye da zan ce ba haka ba

Yar_Kodin:
Dan_Gem ai Windows abin da CPU ya gaya mata take ƙirgawa. Ka duba ƙasan wannan giraf ɗin dai, akwai layi biyu, ɗaya Cores ɗaya Logical processors, kuma lambobinsu daban. Da abu ɗaya ne da ba a raba su ba.

Abin da ke faruwa shi ne kowane kor ɗaya yana nuna wa Windows fuska biyu. An ninka masa 'yan ƙananan wuraren da ake riƙe halin da zare ke ciki, wato rajistoci da alamar inda aka tsaya, sun zama biyu-biyu. Amma injin da ke yin lissafin kansa, mai tarawa da ninkawa da ɗauko bayanai, guda ɗaya ne, raba shi suke. Kash ɗin da ke manne da kor ɗin, wato 'yar ma'ajiyar bayanai mai sauri, shi ma raba shi suke.

Injiniya_Sabar:
Madalla 'yar'uwa, haka ne. Bari in ƙara dalilin da ya sa aka yi hakan tun farko don shi ne zai sa a gane. CPU ya fi RAM sauri nesa ba kusa ba. CPU mai gudun 4GHz yana bugawa sau 4 a kowace nanosakan, shi kuma ɗauko abu daga RAM idan ba a same shi a kash ba yana iya cin nanosakan 70 zuwa 100. Ka lissafa, bugu 300 ko 400 kenan da kor zai iya yi a zaune yana jiran kaya su iso. Ko ba jiran RAM ba ma, zare ɗaya da wuya ya cika duk sassan lissafin da ke cikin kor na zamani, wasu sassan na zaune.

Ka ɗauka akawu ne guda ɗaya aka ajiye masa fayil biyu a buɗe a kan teburi. Yana cikin na farko sai ya zo inda dole ya jira a kawo masa wata takarda, maimakon ya naɗe hannu sai ya juya kan na biyun. Aiki zai fi tafiya kam, amma akawun bai zama biyu ba. Ranar da duk fayilolin biyu ba su da abin jira, to ribar kaɗan ce ƙwarai, don hannun nan dai shi ne.

Intel suna kiran nasu Hyper-Threading, sun fito da shi a 2002, farko a Xeon sannan a Pentium 4 mai 3.06GHz a ƙarshen shekarar. Su da bakinsu a lokacin ƙarin da suka yi iƙirari bai wuce kusan 30% ba, ba 100% ba. AMD kuma nasu SMT kawai suke ce masa, ya zo da Ryzen a 2017.

Dan_Gem:
30% kawai?? Kai amma an dade ana mana wayo a talla hhh

Yar_Kodin:
Ba wayo ba ne sosai, 30% ɗin da ka samu da ɗan ƙarin fili kaɗan a jikin cif ai riba ce babba ga mai ƙerawa, ƙara kor cikakke ya fi haka cin wuri da wuta nesa. Kuma 30 ɗin ma ba ƙa'ida ba ce, wani aikin ya kai, wani ko 5 ba zai kai ba, wani ma ja baya yake yi don zaren biyu suna ture wa juna kaya daga kash. Inda wayon yake shi ne mai sayarwa ya rubuta lambar zaren da manyan baƙi ya ɓoye ta kor.

Mai_Gyaran_Laptop:
Salam. Ina bibiyarku tun ɗazu. Ni tambayata kan lissafin ce. Da can abin da sauƙi, ka ninka kor sau biyu ka samu zare, 4 da 8, 6 da 12, 8 da 16. Yanzu kuma sai ka ga kor 10 zare 16, ko kor 16 zare 24. Kwastoma ya tambaye ka ka rasa ta inda za ka fara. Wannan wane irin ninki ne?

Injiniya_Sabar:
Malam wannan tun daga zubi na 12 na CPU ɗin Intel ne, 2021, da suka fara haɗa kor iri biyu a cif ɗaya. Akwai manya masu ƙarfi da suke sa wa harafin P, akwai ƙanana masu tsimin wuta da suke sa wa E. Manyan ne ke da zare biyu-biyu, ƙananan zare ɗaya-ɗaya. To i5-12600K yana da manya 6 ƙanana 4, kor 10 kenan, zare kuma 12 da 4, 16. i9-12900K manya 8 ƙanana 8, kor 16, zare 16 da 8, 24. Ka ga lissafin ya fita.

Kuma wannan ya ƙara wa mai rabon lokacin aiki, don yanzu ba wai kawai ya nemo gurbin da ba kowa ba ne, sai ya san wane irin gurbi ne. Babban kor da ba kowa a kansa ya fi, sannan akwai ƙaramin kor, sannan akwai fuska ta biyu ta babban kor da wani ke kai. Shi ya sa Intel suka sa wani abu a cif ɗin da suke kira Thread Director yana ba Windows 11 shawara kan inda ya dace a ajiye kowane zare. Wayoyi sun riga su wannan tsarin na manya da ƙanana, ARM sun sanar da big.LITTLE tun 2011.

Mai_Gyaran_Laptop:
Allah ya ƙara basira Injiniya. Wato kenan zare 16 na wannan da zare 16 na wancan ba lallai su zama abu ɗaya ba

Injiniya_Sabar:
Ko kusa. Kor 8 manya masu zare 16 daban, manya 6 da ƙanana 4 masu zare 16 daban, kuma na shekara bakwai baya da na bana daban. Lambar zare ita kaɗai ba ta gaya maka gudu.

Editan_Bidiyo:
Ni fa a nan zan ɗan saɓa muku. Kuna ta rage wa zare daraja, amma mu masu haɗa bidiyo mun san amfaninsa. In ka danna fitar da aiki za ka ga akwatunan nan duka sun cika maƙil 100%, kuma wanda ya fi yawan zare shi ke riga gamawa, wannan ba labari ba ne abu ne da ido ke gani. To ya za a ce lambar ba ta da muhimmanci?

Dan_Gem:
Ni kuma a gem sai kaga akwati daya ko biyu ne ke ta wahala sauran suna hutu, abin har haushi yake bani

Yar_Kodin:
Ku biyun kun faɗi gaskiya kuma kun ba juna amsa ba ku sani ba. Ba CPU ne ke yanka aiki gida-gida ba, mai rubuta manhajar ne. In ya rubuta ta da zare ɗaya to ko kor 64 ka ba ta, ɗaya za ta hau, sauran 63 kallo za su yi. Shi bidiyo aiki ne mai yankuwa, a ba wannan zaren wannan yankin hoton, a ba wancan wancan, ba sai sun jira juna sosai ba. Gem kuma akwai abubuwan da dole sai a bi da bi, sai an san me ka danna kafin a san inda ka matsa, sai an san inda ka matsa kafin a san me ka buge, sai an san wannan kafin a zana. Gem na yanzu sun fi na da iya raba aiki gaskiya, amma har yanzu yawanci akwai babban zare guda da kowa ke jira.

Ga wata alama da za ta taimaka muku. In kana da gurbi 16 ka ga wata manhaja ta maƙale a 6% tana ta jan ƙafa, kar ka ce ai CPU na hutawa. 100 raba 16 ai 6.25 ne. Zare ɗaya ne ya cika gurbinsa taf, ba shi da inda zai ƙara. A mai gurbi 8 za ka ga 12% ko 13%, a mai 12 kusan 8%.

Injiniya_Sabar:
Kuma akwai lissafin da wani masani Gene Amdahl ya kawo tun 1967 da har gobe ba a kauce masa ba. A ce aikinka kashi 90 cikin 100 yana rabuwa, kashi 10 kuma dole zare ɗaya ne zai yi shi. In ka ba shi kor 8, wancan 90 ɗin ya koma 11.25, ka tara da 10 ɗin da ba ya rabuwa, 21.25 kenan, wato saurin ya ninku sau 4.7 ba sau 8 ba. Ka ba shi kor 16, sau 6.4. Ka ba shi kor dubu, ba zai taɓa wuce sau 10 ba, don wannan kashi 10 ɗin na nan daram. To Malam Edita aikinka na cikin masu sa'a ne, kason da ba ya rabuwa ƙarami ne, shi ya sa kake ganin ribar. Mai buɗe takardu da burauza ba zai ga abin da kake gani ba.

Editan_Bidiyo:
To na yarda da wannan, amma dai ku daina cewa ba ta da amfani, ku ce ya danganta da aikin mutum

Injiniya_Sabar:
Ai ba wanda ya ce ba ta da amfani ranka ya daɗe, cewa aka yi ita kaɗai ba ta isa ba.

Sabon_Dalibi:
To ni yanzu wata tambayar ta taso min. Tunda raba aiki ga zare da yawa yana sa sauri, me ya hana masu rubuta manhaja su dinga raba komai? Lalaci ne?

Yar_Kodin:
Hhh lalaci kuma. Ƙanena duk wanda ya taɓa rubuta manhaja mai zare da yawa zai gaya maka nan ne ake yin furfura.

Abin da ya sa zare ke da daɗi shi ne kuma abin da ya sa yake da haɗari. Manhaja biyu daban, kowacce da nata filin a RAM, wannan ba ta ganin na waccan, akwai katanga. Amma zaruruwan da ke cikin manhaja ɗaya fili ɗaya suke amfani da shi, kowa na iya taɓa kayan kowa. Shi ya sa buɗe su ba nauyi kuma miƙa wa juna bayani ba wahala. To ga inda matsalar take. A ce akwai wata lamba, 100, zare biyu kowanne na so ya ƙara mata 1. A ido layi ɗaya ne a kod, amma a wajen CPU mataki uku ne, ɗauko lambar, ƙara mata, mayar da ita. Na farko ya ɗauko 100, kafin ya mayar sai na biyu shi ma ya ɗauko 100, na farko ya mayar da 101, na biyu shi ma ya mayar da 101. An ƙara sau biyu amma 101 aka samu ba 102 ba, ɗaya ta ɓace kuma ba wani saƙon kuskure da zai fito maka. Abin da ya fi ciwo, ka gwada sau dubu ya fita daidai, sai a na dubu da ɗaya rige-rigen ya faɗo a mugun lokaci, kuma in ka zo bincike ya ƙi maimaituwa.

Maganinsa kwaɗo ne, wanda zai taɓa lambar ya kulle, ya gama ya buɗe, wani ya shiga. To amma duk lokacin da ka sa kwaɗo ka mayar da wurin bi da bi, ka ƙara wa wancan kashi 10 na Amdahl kenan. In kuma kwaɗon ya kai biyu sai wata sabuwa ta ɓullo, wannan zaren ya riƙe na farko yana jiran na biyu, wancan ya riƙe na biyu yana jiran na farko, an yi kiki-kaka, ba mai saki, manhaja ta sandare kuma CPU na nuna 0%.

Injiniya_Sabar:
Kuma kar a ɗauka wannan matsalar 'yan koyo ce. Na'urar Pathfinder da NASA ta saukar a duniyar Mars a Yulin 1997 ta dinga kashe kanta tana tashi bayan ta sauka. Da aka bincika, wani ƙaramin aiki mara muhimmanci mai tattara bayanan yanayi ne ya riƙe kwaɗo, babban aiki mai muhimmanci na jiran kwaɗon, su kuma matsakaitan ayyuka suka dinga shan gaban ƙaramin suna hana shi samun lokacin da zai gama ya saki. Babban ya daɗe bai motsa ba, mai gadin tsarin ya ga alamar an maƙale sai ya sake kunna komai. Daga nan duniya aka aika gyara, aka kunna tsarin da ke ɗaga darajar mai riƙe da kwaɗo zuwa ta wanda ke jiransa har ya saki.

Wanda ya fi muni shi ne Therac-25, injin gasa ciwon daji da haske, tsakanin 1985 da 1987. Cikin kurakuransa akwai irin wannan rige-rigen, in ma'aikaci ya gyara abin da ya shigar da sauri sosai, wani ɓangaren manhajar bai ga gyaran ba. Marasa lafiya sun sha haske fiye da kima ninkin ba ninkin, wasu sun rasu.

Sabon_Dalibi:
Innalillahi. Ashe abin ba wasa ba ne

Dan_Python:
Tunda an shigo ɓangaren kod bari in jefa tawa. Na rubuta wani lissafi mai nauyi a Python, na raba shi zare 8, lokacin da yake ɗauka bai ragu ba ko kaɗan, kamar ma ya ɗan ƙaru. To ina amfanin?

Yar_Kodin:
Wannan GIL ne ya kama ka. Python ɗin da kusan kowa ke amfani da shi yana da wani babban kwaɗo guda ɗaya da ake kira GIL, zare ɗaya ne kawai ke iya gudanar da kod ɗin Python a lokaci guda, ko kor nawa gare ka. Zarenka 8 layi suka yi suna karɓa-karɓa, ƙarin lokacin da ka gani kuma kuɗin sauye-sauyen ne. Inda zare ke da amfani a Python shi ne aikin jira, kamar saukar da shafi 50 daga intanet, don mai jira yana sakin kwaɗon. In lissafi ne tsantsa ka yi amfani da multiprocessing, ya buɗe maka Python daban-daban kowanne da nasa kwaɗon, ko ka miƙa wa irin su NumPy nauyin. A Python 3.13 da ya fito a Oktoban 2024 sun kawo wani nau'i na gwaji da ba GIL, amma sai ka nemi shi musamman, ba shi ne ke zuwa kai tsaye ba.

Kuma wannan ya nuna wani abu da mutane ke haɗawa. Amfanin zare iri biyu ne. Akwai don a gama lissafi da wuri, wannan sai da kor da yawa. Akwai kuma don kar manhaja ta sandare tana jiran abu, wannan ko a kor ɗaya yana aiki. Masu rubuta manhajar Android sun san na biyun sosai, akwai babban zare da ke kula da allo, in ka ɗora masa aiki mai nauyi ya kai daƙiƙa 5 bai amsa taɓawar mutum ba sai waya ta fito da saƙon nan na manhaja ba ta amsawa, a rufe ko a jira. Tun Android 3.0 ma in ka ce za ka shiga intanet a kan babban zaren, kuskure za ta jefo maka kai tsaye.

Dan_Python:
To in na gane, in aikin jira ne sai in buɗe zare 10,000 kawai?

Injiniya_Sabar:
A'a fa. Kowane zare na gaske yana da nasa wurin ajiya, a Windows ana ware masa 1MB in ba ka canza ba, kuma kowane sauyi daga wannan zuwa wancan yana cin lokaci yana kuma hargitsa kash. In suka yi yawa sai ka ga CPU ya fi ɓata lokaci wajen sauke wannan ɗora wancan. Shi ya sa aka fito da wasu hanyoyin. JavaScript a burauza zare ɗaya yake amfani da shi yana zagayawa kan abin da ya shirya. Harshen kod na Go yana da nasa ƙananan zaruruwa marasa nauyi da yake ɗorawa dubbai a kan 'yan kaɗan na gaske. Java ma ta kawo irin wannan a Java 21, 2023. Ga aikin lissafi kuwa, abin da aka saba shi ne ka buɗe daidai yawan gurbin da CPU ke da shi ka dinga zuba musu aiki, ƙari a kan haka ba ya ƙara komai.

Mai_Gyaran_Laptop:
Akwai masu cewa a shiga BIOS a kashe Hyper-Threading wai ya fi tsaro kuma gem ya fi gudu. Gaskiya ne ko zancen intanet ne?

Injiniya_Sabar:
Yana da tushe amma ba don kowa ba. Tunda zare biyu na zaune a kor ɗaya suna raba kash da sauran sassa, masu bincike sun nuna ɗaya na iya leƙen asirin ɗayan ta hanyar auna lokacin da abubuwa ke ɗauka. A 2018 da 2019 an bankaɗo irin waɗannan ramukan da dama, har masu OpenBSD, wani tsarin gudanar da kwamfuta irin su Linux, suka kashe shi daga tushe a 2018. Wanda abin ya fi shafa shi ne mai sabar, wato babbar kwamfutar da ke ɗaukar manhajojin mutane daban-daban waɗanda ba su san juna ba a na'ura ɗaya. Mutum da laptop ɗinsa shi kaɗai, yana sabunta Windows ɗinsa, ni ban ga dalilin da zai sa ya yar da ƙarin da yake samu ba, musamman mai kor 2 ko 4, shi ne ma zai fi ji a jikinsa.

Dan_Gem:
Ni na taba kashewa a wani gem naga dan bambanci, a wani kuma ya kara lalacewa

Yar_Kodin:
To ai ka ga kenan. In gem ɗin zare 6 yake buƙata kana da kor 8, kashewa na iya hana a cusa biyu masu nauyi a kor ɗaya. In kor 4 gare ka ka kashe, ka rage wa kanka wuri ne.

Editan_Bidiyo:
Amma na ji an ce su Intel ɗin ma sun cire shi a sababbin nasu, to ba alamar ya mutu ba kenan?

Injiniya_Sabar:
Sun cire a wasu, eh. Core Ultra na jerin 200 da suka fito a 2024, irin su 285K, kor 24 ne zare 24, ba ninki. Hujjarsu ita ce tunda yanzu akwai ƙananan kor da yawa da za su kwashi aikin da ke rabuwa, gara a sauƙaƙa babban kor ɗin a rage masa cin wuta. Cif ɗin Apple na jerin M ma ba su taɓa amfani da shi ba, haka kusan duk wayoyi, kor 8 zare 8 ne. Amma mutuwa kam da saura. AMD suna nan da shi a Zen 5, cif ɗinsu na sabar, EPYC, mafi girma na 2024 kor 192 ne zare 384. IBM kuwa tun POWER8 suke ɗora zare 8 a kor ɗaya, Sun ma a 2005 sun yi UltraSPARC T1 mai kor 8 kowanne da zare 4. A sabar da ke amsa buƙatun dubban mutane, inda kusan kowane zare rabin rayuwarsa jiran RAM yake, wannan dabarar tana biyan kuɗinta sosai.

Editan_Bidiyo:
To mu da ke tsakiya, ba sabar ba ba waya ba, wanne za mu bi?

Yar_Kodin:
Ka nemi gwajin da aka yi da ainihin manhajar da kake aiki da ita a kan cif biyun da kake tunani, ka duba minti nawa kowanne ya ɗauka wajen fitar da bidiyo iri ɗaya. Kuma ka duba ko manhajar taka katin hoto take ɗora wa fitarwar, don in haka ne duk wannan ƙirgen zaren da muke yi ba shi ne zai yanke maka hukunci ba.

Editan_Bidiyo:
Wallahi akwai wannan zaɓin a saitin, ban taɓa kunna shi ba. Bari in gwada da daddare in gani